Famfo ya ƙafe a Kano, kanal na tumbatsa a Kura: ruwan nan na wane ne?

Maman Ummi (Kurna): Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai abin da ya tsaya min a rai tun jiya. Mun je biki Kura, a hanya na ga kanal cike maƙil da ruwa, yara na ta ninkaya, samari na wanke babura, gonakin shinkafa kore shar kamar muna tsakiyar Agusta. Ni kuwa rabon famfon gidana da ruwa har na manta shekarar. Yau tun asuba na tashi Ummi da ƙaninta suka bi layin burtsatse, ba su dawo ba sai bayan ƙarfe 8, makarantar ma haƙura suka yi. Jarka ɗaya naira 200 mai ga-ruwa yake sayar min, gida mai mutum 9. Don Allah masu sani ku faɗa min, ruwan madatsar Tiga da ke cika kanal ɗin nan don shinkafa aka tara shi ko don mutane? Ya za a yi ɗan Adam na fama da ƙishirwa, shuka na kwana cikin ruwa?

Abban Sadiq (Rijiyar Lemo): Wa alaikumus salam Hajiya. Kin riga ni a baki ne kawai. A rage na manoma a ba birni, magana ta ƙare.

Ɗan Kura: Haba Abban Sadiq, ba ta ƙare ba, yanzu ma ta fara. Hajiya, Allah ya huci zuciyarki, amma abin da kika gani daga tagar mota bakin kanal ne, kusa da babbar hanya. Ki zo in kai ki gonata da ke can wutsiyar layi. Makon jiya kwana 3 ina kwana a gona da fitila ina jiran ruwa ya iso. Kafin ya zo gare ni, na gaba sun tare da buhunan ƙasa, wani ya jefa tiyon inji ya zuƙe, ragowar ciyawa ta shanye a hanya. Shinkafata tana ɗaukar ciki ƙasa ta tsattsage, ina iya zura yatsu huɗu a tsagar. Wanda ya san shinkafa ya san idan ta sha ƙishi a wannan gaɓar, ƙaiƙayi za ka girba. Kuma shinkafar da kika dafa wa su Ummi da tumatirin miyarki daga ina suke zuwa? Ki je kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan lokacin kaka ki ga motocin da ake lodawa.

Abban Sadiq: To ai shinkafa ana iya sayo ta daga wani wuri. Ruwan sha fa?

Ɗan Kura: Da wane kuɗin? Kana ganin farashin buhu kuwa?

Injiniya mai ritaya: Ku ɗan tsahirta 'ya'yana, in sa baki, don na yi shekaru ina aikin ban-ruwa a yankin nan. Da farko mu san kogin da muke faɗa a kansa. An gina madatsar Tiga a kan Kogin Kano zamanin Gwamna Audu Bako, aka kammala a 1974, daidai lokacin da farin 1972 zuwa 1974 ya gama ƙona Arewa da Nijar. Wanda ya ga gawar shanu a bakin hanya a shekarun nan ba zai tambayi dalilin gina ta ba. Aka tsara ta da ɗaukar ruwa kusan kubik mita biliyan 2. Daga baya aka yi ta Kogin Challawa a Ƙaraye, aka gama a 1992. Kogunan biyu suna haɗuwa kusa da Tamburawa, su wuce Wudil, su zama Kogin Haɗejiya.

Yanzu ga lissafi, kowa ya ɗauki biro. Sabuwar matatar Tamburawa an yi ta ne don tace lita miliyan 150 a rana. Ko da za ta yi aiki ba fashi shekara guda cur, ruwan da za ta ɗiba bai wuce kubik mita miliyan 55 ba. Ku kwatanta da abin da Tiga ke riƙewa. Hajiya, ruwan da zai ishi famfonki yana nan kwance a dam. Abin da ya raba ki da shi wutar da za ta juya injin turo ruwa ne, da bututun da suka tsufa suna yoyo a ƙarƙashin titi, da unguwannin da aka yanka filaye aka gina ba tare da an ja musu layi ba. Tsohuwar matatar Challawa tun farkon shekarun 1930 take, zamanin da yawancin Kano tana cikin ganuwa. Ko yau aka rufe kanal ɗin Kura gaba ɗaya, ɗigo ɗaya ba zai ƙaru a Kurna ba.

Maman Ummi: Ikon Allah. Baba Injiniya, wato ba manoma ne suka shanye mana ba?

Injiniya mai ritaya: Ba su ne suka hana ki ba, amma kada Ɗan Kura ya yi saurin murna. Shinkafar rani uwar shan ruwa ce. Hekta ɗaya tak, daga dashe zuwa girbi, a zafin nan namu, ba ta cin ƙasa da lita miliyan 10. Jarka mai lita 25 sau 400,000 ke nan. Da aka tsara aikin ban-ruwa na Kadawa, wanda gonakin Kura ke cikinsa, alkama da tumatir da masara aka fi sa wa rai da rani, shinkafa ta damina ce. Yanzu kowa shinkafa, damina da rani. Akwai wanda ke biyan wannan farashi, sai dai ba a Kano yake ba.

Baban Nguru: Gara da ka faɗa da bakinka Injiniya. Tun ɗazu nake karantawa ina jinjina kai. Birni da gona suna ta jan igiya, ba wanda ya tuna akwai mutane a ƙasan kogi. Ni shekarata 67, a kamun kifi aka haife ni, a cikinsa na tsufa. Da ina yaro ruwa baƙo ne mai alƙawari. Yana isowa wajen Agusta, ya malale fadama iya ganinka, kifi ya shiga ciyawa ya yi ƙwai. Mu shuka shinkafar fadama ta tashi tare da ruwan. Idan ya fara janyewa bayan kaka mu bi sawunsa da wake da kuɓewa da dawa, danshin ƙasa kaɗai ya ishe su, babu inji babu fetur. Sai Fulani su sauko da shanu su ci harawa su bar mana taki. Ƙasa ɗaya, abinci uku a shekara: na masunci, na manomi, na makiyayi. Mahaifina da dumba ɗaya, wato shingen kama kifi, yake cika kwale-kwale da tarwaɗa da ƙarfasa.

Yau fa? Ruwan ba ya zuwa da ƙarfinsa a lokacinsa, kuma ba ya tafiya a lokacinsa. Kullum yana nan tsamo-tsamo, bai isa ambaliya ba, bai bari ƙasa ta bushe ba. Abin da ciyawar kachalla ke so ke nan. Gonar da na gada daga ubana yanzu kachalla ce ta fi tsayin mutum biyu, in ka shiga ba ka ganin rana. Na sa lauje na sare, na ƙona, wata biyu ta dawo. A cikinta jan-baki ke kwana, da safe su tashi kamar hadari su sauka a kan 'yar shinkafar da ta rage. Jikokina da gwangwani da duwatsu suke wuni suna kora. Ga sauro, ga tsargiya a fitsarin yara.

Hauwa 'yar jami'a: Baba sannu, Allah ya saka da alheri. Abin da kake faɗa shi muka karanta a aji, amma ban taɓa jin sa daga bakin wanda abin ya shafa ba. A ƙarshen shekarun 1960 ambaliyar dausayin Haɗejiya da Nguru tana rufe fiye da murabba'in kilomita 2,000. Farin 1983 da 1984 da madatsun nan suka haɗu suka rage ta ƙwarai. Kuma binciken da masana suka yi a farkon shekarun 1990 ya nuna cewa idan aka auna amfanin da ake samu daga adadin ruwa iri ɗaya, abin da fadama ke bayarwa na kifi da noma da itace ya ninka na gonakin ban-ruwa na sama nesa ba kusa ba. Matsalar ita ce amfanin fadama a warwatse yake cikin ƙauyuka, ba ya shiga littafin kowa, shi kuwa kanal ana ganin sa, ana yanka masa kyalle ranar buɗewa.

Ɗan Kura: Malama Hauwa, da girmamawa, wannan lissafin na shekara 30 da suka wuce ne. Lokacin mutum nawa ke noman rani a Kura da Bunkure da Garun Malam? Yanzu ki zo ki ga injinan casar shinkafa, ki ga mata masu turara ta, ki ga 'yan dako da direbobi. Garinmu kafin ruwan nan cin rani samari ke tafiya. Yanzu mu ake zuwa wa cin rani. Ba zan yarda a mai da mu kamar ɓarayin ruwa ba.

Baban Nguru: Ɗana, ban kira ka ɓarawo ba, kuma ba zan kira ba. Neman halal kake kamar ni. Cewa na yi samarin da suka daina tafiya cin rani a garinku, namu ne suka karɓe su. 'Ya'yana maza biyu suna Kano. Ɗaya turin kurar ruwa yake yi.

Maman Ummi: Innalillahi. Baba, wataƙila ma irin su ne ke kawo mana ruwa muna ta yi musu ƙorafin tsada. Wallahi jikina ya yi sanyi.

Abban Sadiq: Ni fa har yanzu ban gane ba. In ruwa ya yi musu yawa har ciyawa na fitowa, mu kuma babu, ai sai a daina sakar musu. Me ya kawo kuka biyu?

Injiniya mai ritaya: Tambayarka ta yi kyau Abban Sadiq, a nan gizo ke saƙar. Kogin Haɗejiya asalinsa kogin damina ne, da rani rairayi ne, har a ƙafa ake tsallaka shi. Da aka yi madatsun sai aka juya masa hali. Da damina a riƙe ruwa don a cika dam, da rani a riƙa saki kullum don gonakin Kadawa, da na Auyo a Jigawa, da kuma wuraren da matatun Kano ke zuƙar ruwa. Su waɗannan wuraren zuƙar a cikin kogi suke, yashi yana cike su, to don bakin bututu ya samu zurfin da zai ja, sai an saki ruwa fiye da abin da birnin zai sha. Ragowar ya gangara ƙasa a lokacin da ba a buƙatarsa. Tunda babu babbar ambaliya mai ƙarfin da za ta share hanya, laka ta zauna, kachalla ta kafu a kai. Tsohon hannun Kogin Haɗejiya da hannun Burum Gana suka toshe, ruwa ya karkata ta hannun Marma ya nufi tafkin Nguru. Shi ya sa za ka ga ƙauye ɗaya a Guri ruwa ya ci gidajensu, wani ƙauyen da ba shi da nisa rijiyarsu ta ƙafe. Na ga wannan da idona, ranar har na kasa cin abinci, don da hannunmu aka yi wasu ayyukan.

Don haka ba yawan ruwan kaɗai ba ne, lokacin sakinsa ne. An daɗe da ba da shawarar a riƙa sakin babban ruwa da damina mai kama da ambaliyar da, a kuma bar kogin ya bushe na ɗan lokaci da rani don kachalla ta mutu. Sai dai ranar da ka ce za ka busar da kogi wata guda, me za ka ce wa mai alkama a Auyo? Me za ka ce wa Kano?

Ardo (Kirikasamma): Salamu alaikum. Yarona ke rubuta min. Kowa ya faɗi nasa, ba a ambaci dabba ba. Mashayar da kakana ya shayar da shanu yanzu an kewaye ta da albasa har bakin ruwa. Burtali ya zama kwami. In na bi ta gona a ce na yi ɓarna, in ban bi ba saniya ta mutu da ƙishi ina kallo. Kachalla kuwa in ta tsufa shanu ba sa cin ta. Bara a bazara sai da na sayar da bijimai 2 na sayi dusa da ruwan tanka. Mu ba mu da wanda zai je taro ya yi magana da yawunmu.

Ɗan Kura: Ardo, wannan gaskiya ne, ko a wajenmu an cinye burtali. Ban da ta cewa.

Ɗan Diffa: Ina gaida 'yan'uwa na Najeriya. Ku yi haƙuri in tuna muku kogin nan bai ƙare a Nguru ba. Bayan Gashuwa shi ne Komadugu Yobe, ya bi ta Gaidam, ya zama iyaka tsakaninmu da ku, ya wuce Diffa har ya faɗa Tafkin Chadi wajen Bosso. Tattasan da ake kai muku buhu-buhu da ruwansa muke noma shi. A wurinmu 'yan watanni yake yi ya ƙafe, sai mu bi shi da haƙa a cikin rairayi. Ranar da ruwan farko ya iso gari har yara ke bin sa da gudu suna murna. Yawancin abin da ke iso mana yanzu na Kogin Jama'are ne, wanda ba a datse ba. Shi ya sa duk lokacin da muka ji an tada maganar madatsar Kafin Zaki a Bauci gabanmu ke faɗuwa. Tsofaffinmu ba su manta da yunwar 1984 ba, wadda a nan ake kira El Buhari.

Bauchi Ikon Allah: To mu kuma fa ɗan'uwa? Tun zamanin Shagari ake ɗaukar aikin Kafin Zaki ana ajiyewa. Kano ta yi manyan madatsu biyu ta ci moriya shekaru da dama, mu da ruwan ke ratsa ƙasarmu sai a ce mu zauna mu yi kallo don kada na ƙasa su rasa? Matasanmu su ma aiki suke nema. Adalci ke nan?

Baban Nguru: Ba adalci ba ne, na yarda. Amma in an yanke wa mutum hannun dama, ba a gyara masa da yanke na hagu. Jama'are shi ne numfashin da ya rage mana, mu da Gashuwa da Gaidam da su Ɗan Diffa.

Bauchi Ikon Allah: Kullum haka ake cewa. Sai yaushe namu zai zo?

Abban Sadiq: Kowa jiharsa yake karewa kawai.

Shugaban zaure: Jama'a a sassauta harshe. Ba faɗan jiha muka zo yi ba. Malam, muna ganin ka a kan layi, ko akwai abin da addini ya ce?

Malam na Zaure: Akwai, kuma a sarari yake. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Musulmi sun yi tarayya cikin abu uku: ruwa da ciyawa da wuta. Kuma an kawo masa irin wannan shari'ar a Madina game da ruwan kwari da ke ratsa gonakin dabino. Hukuncin da ya yanke shi ne na sama ya tare ruwa har ya kai idon sawu, sannan ya sake wa na ƙasa. Ku duba da kyau. Bai hana na sama sha ba, Ɗan Kura da ɗan'uwanmu na Bauci suna da haƙƙi. Amma an sa masa iyaka, idon sawu, ba gwiwa ba, ba ƙugu ba. Malamanmu kuma sun gabatar da shan mutum da na dabba a kan ban-ruwan shuka, don haka Hajiya da Ardo su ne a sahun gaba. Muna fita sallar roƙon ruwa idan sama ta ɗauke, muna kuka muna juya riguna, alhali wanda Allah ya riga ya saukar mun kasa raba shi da gaskiya. Wannan yana ba ni tsoro.

Hauwa 'yar jami'a: Allah ya ƙara ilimi Malam. Abin takaicin shi ne an taɓa zama a kan wannan. A 2006 an yi taron ƙoli a Damaturu, jihohi 6 da kogin ya haɗa, Kano, Jigawa, Bauci, Yobe, Barno da Filato, suka amince da kafa asusun kula da shi. Amma manyan madatsun biyu suna hannun hukumar raya kogunan Haɗejiya da Jama'are, ƙasan kogin kuma yana ɓangaren hukumar Tafkin Chadi, ruwan sha na jihohi ne. Kogi ɗaya, iyayen gida barkatai. Kuma a tuna lokacin da aka gina Tiga, Haɗejiya cikin Jihar Kano take. Sai 1991 aka yi Jigawa da Yobe.

Injiniya mai ritaya: Haka ne 'yata. In ƙara da abu ɗaya da ke hana ni barci. Shekarun nan damina ta yi kyau, har ambaliya muke kuka da ita, kamar ta 2022 a Jigawa, da fashewar madatsar Alau da ta cinye Maiduguri a Satumbar 2024. Wannan ya sa mun manta fari. Amma fari a ƙasar nan ba baƙo ba ne. Kakanninmu sun ga yunwar Kakalaba a 1914, mu mun ga na 1973 da na 1984. Tafkin Chadi da ya kai murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960 ya janye har ya bar babban aikin ban-ruwa na Marte a kan tsandauri, kanal ɗin da aka haƙa don jawo ruwan tafki ya koma ba ya kaiwa ga ruwa. Ƙidayar 2006 ta ba Jihar Kano mutum miliyan 9.4, yau Allah kaɗai ya san adadin. Idan aka jera shekara 2 ko 3 Tiga ba ta cika ba, wa za a fara rufe wa ƙofa? Gara a rubuta amsar yanzu da dam ke cike, kowa ya sa hannu, da a bari sai ranar da ido ya rufe.

Su kuma burtsatsen da kowa ke haƙawa a cikin birni, ku sani Kano a kan dutse take zaune. Ruwan ƙasanta a tsagogin dutse yake, ba shi da yawa kamar na yashin gabashin Jigawa. Maƙwabci ya haƙa mai zurfi, rijiyarka ta ƙafe.

Maman Ummi: Wallahi haka aka yi mana Baba. Rijiyar gidanmu tun ta kakar mijina ce, ba ta taɓa ƙafewa ba sai da aka yi burtsatse uku a layinmu. Yanzu guga laka yake ɗebowa.

Ɗan Kura: Ni dai abin da zan iya a nawa ɓangaren zan faɗa. A ƙungiyarmu ta masu shan ruwa a layinmu akwai waɗanda suka gwada barin shinkafa ta ɗan sha iska kwana biyu uku kafin a sake ba ta ruwa, maimakon a bar ta kwance cikinsa dare da rana, kuma ba su ga ta ragu ba. Ni tsoro ya hana ni, don a wutsiya nake, in na bar ruwa ya wuce ban san ranar da zai dawo ba. A tabbatar min da ranar da ruwa zai zo, ko Talata ko Juma'a, ba fashi, ni ne na farko da zan rage sha. Rashin tabbas ke sa kowa ya cika gonarsa har ta yi ambaliya.

Abban Sadiq: Na janye maganata ta farko. Amma ban janye cewa a ja mana bututu ba. Baba Injiniya, in unguwa ta haɗa kai, ta ina ake fara bin maganar layin ruwa?

Injiniya mai ritaya: Ku fara da mai unguwa da kansila, ku rubuta takarda da sa hannun magidanta, ku nemi a zo a duba ko akwai tsohon layi a ƙarƙashin titinku. Sau da yawa yana nan, toshewa ya yi ko an gina shago a kansa. Ka same ni ta akwatin sirri in nuna maka yadda ake tsara takardar.

Baban Nguru: Mu kuma ranar Asabar muna da gayya, ƙauyuka 4, za mu shiga sarar kachalla a bakin hanyar ruwan da ke zuwa gonakinmu. Da lauje da adda muke yi, ruwa iya ƙirji, ga matsattsaku. Bara mun buɗe abin da ya kai tafiyar rabin sa'a a kwale-kwale, ta sake rufewa, bana za mu koma. Hauwa, in kina da hali ki zo da abin ɗaukar hoto, ki kawo abokan karatunki su gani. Ku taho da takalman roba, kuma ku iso kafin hantsi, don in rana ta take ba a iya tsayuwa a cikin ciyawar nan.

Hauwa 'yar jami'a: In sha Allah Baba, zan taho da mutum 3. Ta Haɗejiya za mu biyo ko ta Gashuwa? An ce hanyar ta lalace.

Baban Nguru: Ku biyo ta Haɗejiya, yanzu rani ne ana wucewa. In kun iso tasha ku kira, jikana zai zo da babur ya ɗauke ku.